Jikan Roba da Cinyar Dada

Wata takwas na yi ina wanke kwanuka da canja zannuwan gado a wani gidan kula da tsofaffi da ke lardin Ibaraki a nan Japan, ban taɓa jin muryar tsohuwar ɗakin ƙarshe ba. Karatun ruwa da noman rani ne ya kawo ni Tsukuba, amma doka ta yarje wa ɗalibi ya yi aikin awa 28 a mako, ga kuma iyali, shi ya sa nake zuwa gidan sau uku a sati. Tsohuwar ta haura shekara 90, gigin tsufa ya ci ƙarfinta. Za a turo ta a keke zuwa falo, a ajiye ta a bakin taga, ta ƙura wa tafin hannunta ido har a zo a mayar da ita. Kullum sai na rusuna na gaishe ta kamar yadda aka koya mana a gida. Ko ɗago kai ba ta taɓa yi ba.

Bari in ɗan kwatanta muku gidan, don kada wani ya ɗauka kurkuku ne. Tun daga bakin ƙofa za ka cire takalminka ka sa silifas ɗin gidan, ka wanke hannu, na'ura ta auna zafin jikinka. Daɓen yana sheƙi, ba ka jin wari ko kaɗan, ko da kuwa rabin mazauna gidan da famfas suke kwana. A ƙarƙashin kowace katifa akwai wani faifai siriri da ke jin numfashin mai kwanciya da bugun zuciyarsa, yana aika wa kwamfutar ɗakin ma'aikata; wanda ya farka cikin dare ko ya yunƙura zai sauko, nan take alamar ɗakinsa za ta canja launi. Wurin zaman masai ɗumi gare shi ko a tsakiyar hunturu. Wanka kuwa, akwai wani baho da ake kwantar da mutum a kan gado a tura shi ciki, ruwan ɗumi ya taso ya rufe shi zuwa ƙirji. Ko shayi ba a ba wa mai wahalar haɗiya haka nan, sai an zuba wani gari da zai kaurara shi kamar kunu don kada ya shaƙe. An rubuta yawan ruwan da kowa ya sha a yini, da sau nawa ya zagaya. Wallahi ban taɓa ganin an daka wa tsoho tsawa a gidan nan ba.

Wata Alhamis da misalin ƙarfe biyu, wasu masu bincike su uku suka zo daga wata jami'a, ɗauke da kyamarori da takardun cikewa da wani kwali. Suka buɗe kwalin suka fito da wani abu fari fat mai gashi kamar auduga, girmansa bai wuce jariri sabon haihuwa ba, da manyan idanu baƙaƙe da dogon gashin ido. Aka ɗora wa tsohuwar a cinya. Da farko ba ta kula ba. Sai abin ya ɗago kai, ya lumshe ido ya buɗe, ya yi wani ɗan kuka siriri. Na ga yatsunta sun motsa. Ta shafa bayansa, ya kaɗa jela. Ta sake shafawa. Ina tsaye da tiren kofuna a hannu na ji wata murya a dishe tana rera waƙar lallashin jariri. Ita ce. Ta rungume shi a ƙirji tana jijjigawa, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya.

Ba waƙar ce ta tsaya mini a maƙogwaro ba. A gefe akwai 'yarta, dattijuwa mai kimanin shekara 65, wadda aka gayyato don ta sa hannu a takardar amincewa. Tana zaune a kujera, jakarta a kan gwiwa, hawaye na zuba cikin takunkumin fuskarta. Da aka gama, ta miƙe ta fuskanci masu binciken, ta sunkuya har ƙasa sau uku tana godiya. Uwarta na nan taku biyu daga inda take, ba ta riƙe hannunta ba, ba ta zauna a gabanta ba. Godiya take yi wa waɗanda suka kawo roba. Suna tattara kaya, ƙaramin cikinsu, yaro mai ladabi, da ya ji daga Nijeriya nake, ya ce da ni cikin murmushi: "Ku ma wata rana za ku buƙaci irin wannan a ƙasarku, ko?" Na ce masa a'a da ƙarfin da ya sa kowa ya waiwayo. Har na isa gida zuciyata na tafasa.

Sunan abin Paro. Wani injiniya, Takanori Shibata, na cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta ƙasar, mai suna AIST, wadda babban sansaninta ke nan Tsukuba, shi ya fara aikinsa tun 1993. Siffar jaririn wata dabbar teku ce ta yankin ƙanƙara; a cikin dabbobin da muka sani, ayu ne ya fi kama da ita. Ya fara gwada siffar kyanwa da kare, sai ya lura mutane sun san kyanwar gaske, suna taɓawa suke gane ta bogi ce su yi watsi da ita. Sai ya zaɓi dabbar da kusan ba wanda ya taɓa runguma, don kada a sami abin kwatantawa. Ku tsaya ku yi tunanin wannan dabarar. Nauyinsa wajen kilo biyu da rabi, an yi shi daidai nauyin jariri. Yana jin taɓawa, yana gane haske da duhu, yana juyowa inda murya ta fito, yana koyon sunan da aka yawaita kiransa da shi. Jikinsa da ɗumi. In batirinsa ya yi ƙasa, abin cajinsa ma siffar robar tsotson jarirai aka yi masa, a baki ake sa masa. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin kayan aikin likita, kuma kuɗinsa a can ya kai wajen dala 6,000. Denmark na cikin ƙasashen da suka fi rungumarsa a gidajen tsofaffinsu.

Don kada in zalunce su, Japanawa ba don nishaɗi suke wannan ba. A 2024 mutanen da suka kai shekara 65 ko suka haura sun wuce miliyan 36, kashi 29 cikin ɗari na al'ummar ƙasar; mu a Nijeriya ba su fi wajen kashi 3 ba. Mutum ɗaya cikin goma a nan ya haura 80. 'Yan shekara ɗari kaɗai sun wuce 95,000. Haihuwa kuma ta ja baya. Za ka shiga jirgin ƙasa daga nan zuwa Tokyo, tafiyar minti 45, ka ƙirga furfura ka gaji ba ka ga goyo ko ɗaya ba. Tun shekarar 2000 suka kafa inshorar kula da tsofaffi, wadda kowa ke fara biya da zarar ya cika 40. Duk da haka ma'aikatar lafiyarsu ta yi hasashen za su rasa masu aikin kula da tsofaffi kimanin 570,000 nan da 2040. Alƙaluman 'yan sanda na 2024 kuma sun nuna tsofaffi sama da 58,000 ne suka rasu su kaɗai a cikin gidajensu, wasu sai bayan makonni ake ganowa. Har suna gare ta a harshensu, irin wannan mutuwar. Rashin uwa ne ke sa a yi uwar ɗaki, na sani. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni tsagewar bangon nake kallo, su kuma ƙadangaren suke yi wa ado.

Da na huce, sai na ce bari in karanta abin da masanan suka gano da kansu, kada ya zama haushi ne kawai ke magana. Bincike mafi girma da na samu a kan Paro shi ne wanda Farfesa Wendy Moyle ta Jami'ar Griffith a Ostireliya ta jagoranta, aka wallafa a 2017. Mutum 415 masu gigin tsufa, a gidaje 28 na jihar Kwinslan. Aka raba su uku: wasu aka ba su Paro, wasu aka ba su Paro ɗin da aka kashe, ya zama 'yar tsana kawai, wasu kuma aka bar su da kulawar da aka saba. Minti 15, sau uku a mako, na tsawon mako goma. Waɗanda suka sami mai motsin sun fi yi masa magana da kallonsa, sun kuma fi waɗanda ba a ba komai ba nuna jin daɗi. A hoton bidiyo an ga rikicinsu ya ɗan ragu, amma da aka auna da ma'aunin da ma'aikata ke cikewa, ba a ga wani bambanci tsakanin rukunonin ba. 'Yar tsanar da ba ta motsi ma ta yi nata amfanin, ga araha. To, jama'a, bayan shekara ashirin da 'yan kai ana bincike, abin da aka tabbatar shi ne tsoho yana son a ba shi abu mai laushi ya riƙe, yana son abin ya amsa masa. Wace kaka ce a unguwar Jekadafari ko Bolari a Gombe ba ta san wannan ba? Kuma ku lura da minti 15 ɗin nan. Sauran awa 23 da minti 45 fa, ina tsohuwar take? Tana bakin taga tana kallon hannunta.

Na ɗaukar mutum ma haka labarin yake. A 2015 cibiyar binciken kimiyya ta Japan mai suna RIKEN ta nuna wa duniya Robear, wani ƙaton mutum-mutumi mai fuskar dabba, nauyinsa kilo 140, yana ɗaga mutum daga gado zuwa keke. Hotonsa ya zagaye jaridun duniya, amma bai taɓa shiga kasuwa ba. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Birtaniya, James Wright, ya zauna a wani gidan tsofaffi a nan yana lura da yadda ake gwada irin waɗannan na'urori. Ya tarar na'urar ɗaga mutum mai suna Hug kwana kaɗan aka yi ma'aikata suka jingine ta, saboda turo ta daga ɗaki zuwa ɗaki ya fi ɗaga tsohon da hannu cin lokaci. Paro kuma, wata tsohuwa ta shaƙu da shi har ta ƙi cin abinci ko kwanciya in ba ya kusa, dole aka sa ma'aikaci ya riƙa sa ido. Maimakon aiki ya ragu, sai ya ƙaru. Ya kuma kawo wani binciken ƙasa na 2019 a kan gidajen tsofaffi sama da 9,000, wanda ya nuna kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai suka shigo da wata na'urar robot. Ni shaida ne a kan wanda ke aikin na gaskiya. A gidan da nake aiki, masu tashi ƙarfe uku na dare su juya tsoho don kada ya yi gyambon kwanciya, da yawansu 'yan Indonesiya ne da Filifin da Biyetnam. Tun 2008 Japan ta fara ɗauko su ta hanyar yarjejeniya. Akwai wata 'yar Indonesiya mai hijabi da muke buɗa-baki tare da azumi. Tata uwar tana can tsibirin Jawa, ƙanwarta ce ke dubanta.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne aikin da aka kira CARESSES, haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Japan ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Genoa ta Italiya. Suka ɗauki Pepper, mutum-mutumin kamfanin SoftBank mai tsayin yaro ɗan firamare da allo a ƙirji, suka ce za su koya masa al'ada, ya san yadda zai yi hira da tsohon Bature ɗan Ingila, da Ba'indiye, da Bajapane. A 2020 suka sanar cewa tsofaffin da suka yi har zuwa awa 18 da shi cikin mako biyu sun ɗan sami sauƙin zuciya da raguwar kaɗaici. Ban ƙaryata su ba. Amma al'ada ba jerin abinci da ranakun biki ba ce da za a ɗura a kwamfuta. A ce an koya masa gaisuwar Hausa kaf, ya iya "ina kwana, ina gajiya, ya ƙarfin jiki." In kakata Dada ta ce masa "ɗan wane ne kai?", me zai ce? Ai gaisuwar tsoho ba lafiyarka kaɗai yake tambaya ba, so yake ya ɗora ka a reshen da ka fito. Kamfanin ma ya dakatar da ƙera Pepper ɗin daga baya.

Dada kakata ce ta wajen uba, ita ta yaye ni, a ɗakinta na girma. Ita ma gigin ya kama ta shekara huɗu ke nan. Hausar ma ta fara zube mata, ta koma Fulatancin ƙuruciyarta na wajen Dukku, kullum da la'asar sai ta tambaya ko shanu sun dawo, alhali rabon gidanmu da saniya tun ba a haife ni ba. Ba ta da katifa mai jin numfashi. Gadon ƙarfenta ne na aure, da tabarma, da buta, da magogin goronta. Amma daga sallar asuba ƙofarta ba ta rufuwa. Bappa zai shigo daga masallaci ya durƙusa. Matan gida su shigo ɗaya bayan ɗaya. 'Yan makaranta su leƙo kafin su wuce, ta zage su, su rama, ta ce wa wannan mijinta ne ya hana ta cefane, waccan kishiyarta ce ta sace mata zani. Maƙwabciya ta aiko da kunun gyaɗa. In ta tambayi shanu, Goggo za ta amsa mata da Fulatanci cewa sun dawo har an tatsa, sai ta kwantar da hankali. In kuma rikicin ya motsa, ta fara neman hanyar fita wai za ta tafi gida, ba a neman batir. Duk jaririn da ke kusa za a ɗauko a ɗora mata a cinya, ko na gidan ne ko na maƙwabta. Nan take za ta zauna. Kuma jaririn nan zai yi mata fitsari a zani, zai ja mata ɗankwali, zai girma ya ce "ni kakar babana ta goya ni." Paro ba ya fitsari, ba ya girma, ba zai taɓa zuwa jana'izar kowa ba.

Allah Ya ce a Suratul Isra'i, in ɗayansu ko dukansu suka tsufa a wurinka, kada ka ce musu ko "tir". Kalmar da ke kama ni a ayar ita ce "a wurinka". Ba a ce a wurin gwamnati ba, ba a ce a wurin kamfanin inshora ba. Shi ya sa ko za a tara mini sakamakon bincike dubu, ina kan bakana: tsohuwar da ke kwance kan tabarma a Gombe, cikin zafin watan Afrilu ba wuta, ƙudaje na damunta amma jikoki goma na tsallake ƙafarta, ta fi wadda ke cikin ɗaki mai sheƙi tana rera wa roba waƙa gata. Na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan gatan da nake taƙama da shi, a bayan mace ɗaya yake zaune. A gidanmu Adda ce. Ita ke ɗaga Dada zuwa bayan gida, ita ke wanke zannuwa da asuba kafin kowa ya tashi, ita ke kwana da ido ɗaya a buɗe. Masu shigowa gaisuwa minti biyar suke yi su fita da ladansu. Bara sai da bayanta ya riƙe ta yi mako biyu tana sallah a zaune. A nan Japan ciwon bayan masu kula da tsofaffi abin bincike ne, har Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya ƙera wata na'ura mai suna HAL, wadda akwai samfurinta da ake ɗaura wa ma'aikaci a ƙugu ta taya shi ɗaga nauyi. Mu kuwa wa ya taɓa auna bayan su Adda? Sai dai a ce Allah Ya ba da lada. Na kuma san akwai tsofaffin da ke bara a bakin kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a, na san akwai inda ake kiran tsohuwa mai gigi mayya. Cibiyar farko ta musamman don lafiyar tsofaffi a ƙasarmu sai 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma hukumar kula da dattawa ta ƙasa sai 2021 ta fara aiki. Duk na yarda. Amma wannan talauci ne da sakaci, abubuwan da kuɗi da tsari ke gyarawa. Abin da na gani a fuskar 'yar nan da ta kasa riƙe hannun uwarta, ban san kuɗin da ke gyara shi ba.

Akwai wani tsoho a gidan, tsohon direban jirgin ƙasa, hankalinsa garau, ƙafafu ne kawai suka mutu. Wata rana ina canja masa zanin gado ya ce mini shi ya fi son na'ura ta wanke shi a kan 'yarsa ta ga tsiraicinsa, shi ya sa ma ya zaɓi zuwa nan da kansa. Na yi shiru, domin wannan kunyar na san ta; da mahaifina ne ma abin da zai ce ke nan. A nan ne kawai nake sassautawa. In na'ura za ta tsaya a matsayin buta da tsani, ta ɗauki nauyi, ta rufa asiri, ta bar zance da runguma ga mutane, ina maraba da ita. In da 'yan injiniyanmu na jami'ar ATBU a Bauchi, da na jami'o'in Gombe da Kashere za su ji tawa, kada su ɓata lokaci wajen ƙera abu mai ido da murya don a ɗauke su hoto. Su ƙera mana abin ɗaga mara lafiya da maƙerin bakin kasuwa zai iya gyarawa, gado mai ɗagawa da hannu, katifar hana gyambo mai aiki da sola, kujerar zagayawa da za ta shiga ƙofar ɗakin ƙasa. Su je su zauna da su Adda yini guda da littafi da biro kafin su taɓa waya ko ɗaya. Wannan shi ne binciken da ya kamace mu.

Na faɗi wasu daga cikin maganganun nan a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare. Wani abokina da ke koyarwa a Kumo ya rubuto: "Malam, ku mazauna waje kun fi kowa iya wa'azin zumunci. Zumunta dai a ƙafa take." Aka yi ta dariya. Abin ya yi mini zafi, har yau kuma yana yi. Wa ke biyan kuɗin maganin hawan jinin Dada duk wata? Wa ya sa sola a ɗakinta don fanka ta riƙa juyawa? Kwanukan da nake wankewa a nan, da hannuna ke tsagewa cikin sanyi, ai su ne famfas ɗinta da madararta. Ban gudo ba, karatu na zo, kuma da izinin Bappa da albarkar ita Dadar na taho, lokacin tana gane ni. Ba daidai ba ne a haɗa ni da wanda ke zaune tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa amma sai an aika masa takardar sa hannu yake zuwa. Tsakanina da Gombe kwana biyu ne a hanya, daga filin jirgin sama na Narita zuwa Adis Ababa, zuwa Abuja, sannan mota ko wani jirgin, da kuɗin da ya fi abin da nake samu a wata uku in za mu taho mu duka.

An haifa mana ɗa a nan wata bakwai da suka wuce. Sunan kakana aka sa masa, mijin Dada, don haka ba ta iya kiran sunan. Mai sunan Malam take ce masa. Duk gigin nan, wannan kunyar ba ta zube mata ba. Muna gaban Gombe da awa takwas, saboda haka sai mun yi shirin kwanciya nake kira, lokacin sun idar da azahar. Adda ta kai mata wayar. Ni ba ta gane ni, wani lokaci Bappa take ɗauka ta, wani lokaci mai awon hatsi. Amma da na juya wayar kan yaron sai fuskarta ta washe. Ta karɓe wayar da hannu biyu, ta kwantar da ita a cinya, tana shafa gilashin da babban yatsa tana yi masa tawai da Fulatanci. Yatsan yakan katse kiran ba ta sani ba.

Makon jiya Adda ta turo mini saƙon murya. Ta ce: "Kai, ka san halin da kake sa ni? In kun gama waya ba ta ba ni abata. Sai ta naɗe ta a gefen zani ta ce a yi shiru, mai sunan Malam ya yi barci. Jiya har magariba ban samu ba, masu sayen zannuwa suna ta nemana." Tana faɗa tana dariya, daga ƙarshe muryarta ta canja ta ce: "Ku dai yi ƙoƙari ku kawo shi ta ɗauke shi da hannunta. Jikin nata ba kamar bara ba."

Na saurari saƙon a ɗakin canja kaya na gidan tsofaffin, sau uku. Ba abu ɗaya ba ne da abin da na gani ranar Alhamis ɗin nan. A bayan gilashin Dada akwai yaro na gaske, jininta, mai suna da dangi, ba batir ba. Na faɗa wa kaina haka, na kuma faɗa wa mai ɗakina da na koma gida, ta ce haka ne, ba ta ƙara komai ba. Na tura wa Adda kuɗin wata wayar don ta bar wa Dada tsohuwar. Ranar Litinin na nemi hutun yini guda daga wurin malamina, za mu shiga Tokyo da yaron a yi masa fasfo a ofishin jakadancinmu. Na duba kuɗin tikitin babbar Sallah, na rubuta a takarda na manna a jikin firij, na kuma roƙi shugabar ma'aikata ta ƙara mini aikin ranar Lahadi in awannina ba su cika ba. Ta ce za ta duba jadawali.